Ayyukan Wucin-gadi a Jami'o'in Gombe: Yadda Kasuwar Take da Yadda Ake Lissafinta

GOMBE: Ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 1996, lokacin da gwamnatin mulkin soja ta Janar Sani Abacha ta cire Jihar Gombe daga cikin Jihar Bauci, babu jami'a ko guda a cikin sabuwar jihar. Babbar makarantar gaba da sakandare da garin yake tinƙaho da ita a wancan zamani ita ce Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai horar da malaman fasaha, wadda take kan hanyar Ashaka. A shekarar 2004 ne gwamnatin Alhaji Muhammadu Danjuma Goje ta kafa Jami'ar Jihar Gombe a unguwar Tudun Wada, aka kuma naɗa Farfesa Abdullahi Mahadi a matsayin shugabanta na farko. A shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Kashere a cikin ƙaramar hukumar Akko, wadda ma'aikatanta da dama suke zaune a cikin garin Gombe suna zuwa aiki suna dawowa.

Idan aka ce jami'a ta ɗauki ma'aikata, abin da yake fara zuwa zuciyar jama'a shi ne aiki na dindindin mai fansho. To, amma a gefen wannan akwai wata kasuwar ƙwadago da take ci kowace shekara ba tare da an buga mata ganga ba, watau kasuwar ayyukan wucin-gadi, tun daga shehun malamin da yake zuwa daga wata jami'a ya koyar na 'yan kwanaki ya koma, har zuwa leburan da ake sallama da yamma bayan an zuba kankare. Wannan nazari zai duba ire-iren waɗannan ayyuka, da dalilan da suke sa jami'a neman su, da abin da doka ta tanada a kansu, da kuma lissafin da ya wajaba ɗan kasuwa ya yi kafin ya sa dukiyarsa a ciki.

Iri Uku da Ake Haɗawa a Suna Ɗaya

A bakin jama'a duk aikin da ba na dindindin ba ne sunansa aikin wucin-gadi, alhali kuwa iri uku ne, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko shi ne aikin yini, wanda ake ɗaukar mutum domin wata hidima ta kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, a biya shi ladansa, magana ta ƙare. Na biyu shi ne aikin 'yan sa'o'i, inda ma'aikaci yake zuwa a kai a kai amma lokacin da yake bayarwa bai kai na cikakken ma'aikaci ba, kamar lauyan da yake koyar da darasi ɗaya a mako sannan ya koma ofishinsa. Na uku shi ne aikin kwantiragi, wanda mutum yake yin cikakken aiki amma an yanka masa wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, sai an sabunta takardarsa zai ci gaba.

Muhimmancin wannan rarrabewa zai bayyana idan aka zo maganar mafi ƙarancin albashi da fansho da diyyar rauni, domin akwai haƙƙin da doka ta ba iri ɗaya ta hana ɗaya.

Abin da Ya Sa Jami'a Take Neman Su

Dalili na farko shi ne ƙarancin manyan malamai. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ba ta amincewa da kwas sai ta ga yawan malamai da matsayinsu sun kai mizanin da ta ajiye. Mizanin da aka daɗe ana aiki da shi ya nemi malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a aikin injiniya, ɗaya ga 10 a aikin likita. Har ila yau ya nemi kashi 20 daga cikin 100 na malaman sashe su kasance farfesoshi da masu bi musu, kashi 35 manyan malamai, sauran kashi 45 kuma ƙananan malamai. Gini ana iya kammala shi cikin shekara ɗaya, amma kafin matashin da ya gama digirin farko ya kai matsayin farfesa, sai ya shafe shekaru masu yawa yana karatu da bincike da koyarwa. Saboda haka sabuwar jami'a ba ta da wata mafita illa ta aro.

Dalili na biyu shi ne yadda kuɗi suke shigowa. Albashin ma'aikatan dindindin nauyi ne da yake hawa kan gwamnatin da ta mallaki jami'a kowane wata, ga fansho ga ƙarin girma, shi ya sa ba a buɗe ƙofar ɗaukarsu sai da izini. Kuɗin gine-gine kuwa mafi yawansu daga asusun TETFund suke fitowa, wanda asalinsa harajin ilmi ne na kashi 2 daga cikin 100 na ribar kamfanoni da aka kafa da dokar soja a shekarar 1993, aka sake masa fasali a 2011, harajin kuma ya kai kashi 3 a shekarar 2023. Wannan asusu yana gina ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje, yana tura malamai ƙaro ilmi, amma ba ya biyan albashi. Sakamakon haka shi ne gine-gine suna ƙaruwa da sauri fiye da ma'aikatan da za su kula da su, kuma giɓin da aka samu da ma'aikatan wucin-gadi ake cike shi.

Dalili na uku shi ne yanayin shekarar karatu. Aikin jami'a kamar noma yake, yana da damina yana da rani. Makonnin rijistar sababbin ɗalibai, da na jarrabawa, da na bikin yaye ɗalibai, da lokacin zuwan masu tantance kwasa-kwasai, duk suna buƙatar hannaye da yawa na ɗan lokaci, waɗanda ba su da abin yi da zarar an tafi hutu.

Malaman Ziyara da na Kwantiragi

A shekarar 2012 kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu domin binciken bukatun jami'o'in gwamnati ya miƙa rahotonsa. Rahoton ya nuna cewa daga cikin malamai 37,504 da suke koyarwa a jami'o'in gwamnati a lokacin, 28,128 ne kawai cikakkun ma'aikata, sauran 9,376, watau kashi 25 daga cikin 100, malaman ziyara ne ko na 'yan sa'o'i ko na kwantiragi ko masu hutun bincike. Game da Jami'ar Jihar Gombe, wadda shekarunta takwas kacal a lokacin, rahoton ya ce farfesoshi 4 ne daga cikin 47 suke cikakkun ma'aikatanta. Waɗannan alƙaluma na shekarar 2012 ne, kuma tun daga lokacin jami'ar ta raini malamanta da dama har sun kai manyan matsayi, amma suna nuna yadda kowace sabuwar jami'a take farawa.

Matsayin garin Gombe ya taimaka wa wannan harka ƙwarai. Garin yana tsakiyar yankin Arewa maso Gabas, hanyoyi sun fita daga cikinsa zuwa Bauci da Yola da Biu da Potiskum, don haka malamin da yake Jami'ar Maiduguri, ko Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci, ko Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, yana iya isowa cikin yini guda ya yi darasinsa ya koma.

Hanyoyin shiga wannan rukuni huɗu ne. Akwai malamin ziyara, wanda yake riƙe da aikinsa a wata jami'a, yana zuwa da izininta ana ba shi wani kaso na albashin matsayinsa. Akwai mai hutun bincike, wanda bayan shekaru shida na aiki ake ba shi shekara guda ya je wata jami'a ya zauna. Akwai malamin kwantiragi, wanda galibi ya yi ritaya ne; tun daga gyaran doka na shekarar 2012 farfesa yana ritaya yana da shekaru 70, sauran ma'aikatan jami'a kuma 65. Sannan akwai ƙwararren da yake da sana'arsa a gari, kamar akanta ko lauya ko mai haɗa magunguna ko injiniya, wanda ake gayyata ya koyar da abin da yake yi da hannunsa. Ɗaliban aikin likita na jami'ar jihar, alal misali, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe suke samun horo a hannun manyan likitocin asibitin.

Rukuni na huɗun nan shi ne ya fi shafar 'yan kasuwa masu ilmin zamani. Ladan da ake biya ba ya kai abin da ƙwararre zai samu a ofishinsa cikin sa'o'in da ya bayar, kuma sau da yawa sai ƙarshen zangon karatu ake biya, bayan an miƙa sakamakon jarrabawa. Ribar da ta fi ladan ita ce, yana ganin ɗalibai masu hazaƙa tun kafin su fita kasuwar neman aiki, sunansa kuma yana ƙara nauyi a cikin sana'arsa. Wanda zai karɓi irin wannan aiki ya lissafa har da lokacin duba takardun jarrabawa, domin awa biyu a aji tana iya jawo kwana uku a kan tebur idan ɗaliban suna da yawa.

Wannan rukuni ya shiga tsaka mai wuya a jami'o'in tarayya lokacin da aka sa su cikin tsarin biyan albashi na bai-ɗaya mai suna IPPIS a shekarun 2019 da 2020. Ɗaya daga cikin manyan ƙorafe-ƙorafen ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU shi ne tsarin bai yi tanadin malaman ziyara da masu hutun bincike ba. A watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da cire jami'o'i da kwalejoji daga cikin tsarin.

Shara, Gadi da Kula da Lambu

A da can masu shara da masu gadi da masinjoji da masu ban-ruwan furanni ma'aikatan gwamnati ne masu lambar aiki da fansho. Gyare-gyaren aikin gwamnati da aka gudanar a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo tsakanin 2003 da 2007 sun sauya wannan tsari a ma'aikatun tarayya, inda aka miƙa irin waɗannan hidimomi ga kamfanoni masu zaman kansu, kuma hukumomi da dama na jihohi suka bi sahu. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, jami'a tana sayen hidima ne daga kamfani, kamfanin kuma shi ne uban gidan ma'aikaci, shi doka za ta tuhuma idan an tauye haƙƙi.

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ɗaukar mutane masu yawa, musamman mata da matasan unguwannin da suke kewaye da jami'a. Ɗakunan kwanan ɗalibai da ɗakunan karatu da makewayi suna buƙatar shara kullum, itatuwa da furannin harabar jami'a kuma suna buƙatar ban-ruwa duk tsawon rani. Aikin gadi yana da ƙarin sharaɗi, domin dokar kamfanonin tsaro masu zaman kansu ta shekarar 1986 ta hana kowa gudanar da shi sai da lasisi, kuma rundunar tsaron farin kaya ta Sibil Difens ce take sa ido a kan kamfanonin. Haka kuma mai sana'ar samo wa wasu ma'aikata yana buƙatar lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Gini, Jarrabawa da Hidimar Ɗalibai

Kowane gini da aka ba da kwangilarsa yana jawo magina da kafintoci da masu ɗaurin rodi da masu fenti da masu aikin wuta da famfo, ga leburori, ga masu tifar yashi, ga masu tankar ruwa, ga matan da suke dafa musu abinci. Ladan waɗannan daga hannun ɗan kwangila yake fitowa, a kullum ko a mako, kuma aikin yana tsayawa cak da zarar an jinkirta biyan wani mataki na kwangilar.

Jarrabawa ma ta zama kasuwa mai zaman kanta. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta hanyar kwamfuta, jami'o'i kuma suna amfani da ita wajen tantance masu neman shiga da kuma darussan da ɗalibai suke da yawa. Kowace cibiya tana buƙatar masu gyaran kwamfuta, da masu kula da janareta, da masu sa ido a ɗakin jarrabawa na 'yan kwanaki.

Akwai kuma sana'o'in da jami'a ba ta biyan ladansu amma ita ce take samar da masu sayensu: buga takardu da fotokwafi, ɗinkin kundin kammala digiri, wanki da guga, aski, sayar da abinci, cajin waya, da jigilar ɗalibai a acaɓa da Keke Napep daga Pantami da Bolari da Jekadafari da Tumfure. Masu waɗannan shaguna su ne suka fi kowa ɗaukar ɗalibai aikin 'yan sa'o'i. A Amurka tun shekarar 1964 gwamnati take da shirin da take biyan wani kaso na ladan ɗalibin da yake aiki a jami'arsa, a Ingila kuma an ƙayyade wa ɗalibin digiri da ya zo daga ƙetare sa'o'i 20 a mako lokacin karatu. Wannan iyaka abin koyi ce ga mai shago a Gombe, domin ɗalibin da aka ɗora wa aikin yini cur zai faɗi jarrabawa, mai shago kuma ya rasa yaron da ya riga ya horar.

Abin da Doka Ta Ce

Dokar Ƙwadago ta shekarar 1974 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takardar da ta bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin a wuce watanni uku da fara aiki, ta kuma hana a bar tazarar biyan lada ta wuce wata guda. Ta ƙayyade wa'adin sanarwar sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Sai dai wannan doka ta shafi masu aikin ƙarfi da ƙananan akawuna ne, ba ta haɗa da ƙwararru irin malaman jami'a ba. Su waɗannan abin da aka rubuta a takardar ɗaukarsu shi ne madogararsu, saboda haka kada ƙwararre ya shiga aji sai takarda ta zo hannunsa.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta yanke Naira 30,000 a wata, gyaran da aka yi mata a watan Yuli na 2024 kuma ya ɗaga shi zuwa Naira 70,000. Dokar ta keɓe wasu da ba ta hau kansu ba, daga ciki har da masu aikin 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya bisa kamasho ko bisa yawan abin da suka yi, da kuma kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. A nan ne rarrabewar da aka yi a baya take da amfani: matar da take shara daga safe zuwa la'asar kwana biyar ko shida a mako cikakkiyar ma'aikaciya ce, ko da an kira ta ta wucin-gadi a takarda.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ba ta keɓe ma'aikatan wucin-gadi ba. Ta ambaci ma'aikacin yini da na 'yan sa'o'i da ɗan koyo, ta kuma ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 daga cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, wanda shi zai biya diyya idan ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10 daga aljihunsa, ya cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, ya kuma yi masa inshorar rai da ta kai ninki uku na albashinsa na shekara. Rigingimun da suka taso daga waɗannan dokoki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take sauraronsu.

Lissafin Ɗan Kwangila

Ga misali domin fahimta kawai. A ɗauka wani kamfani ya sami kwangilar shara da za ta ci ma'aikata 30, kowanne a kan Naira 70,000. Albashi ya kama Naira 2,100,000 a wata. Idan aka ɗora kason fansho a kan dukan albashin, Naira 210,000 ke nan, na asusun diyya kuma Naira 21,000. A ƙara Naira 269,000 na tsintsiya da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta da kayan sawa da ladan mai duba aiki. Jimilla ta zama Naira 2,600,000 kowane wata. Idan kamfanin ya ɗora ribar kashi 10 daga cikin 100, yana sa ran Naira 260,000.

Yanzu a ɗauka biyan kwangilar yana makara da wata uku, abin da duk wanda ya saba hulɗa da hukumomin gwamnati ya san yana faruwa. Ma'aikata ba za su jira ba, doka ma ba ta yarda su jira ba. Ke nan kamfanin yana buƙatar jarin Naira 7,800,000 da zai riƙa juyawa. A ƙarshen shekarar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 daga cikin 100, don haka a ɗauka bankin kasuwanci zai ba da rance a kan kashi 30 a shekara, watau kashi 2.5 a wata. Kuɗin ruwan Naira 7,800,000 zai kama Naira 195,000 a wata, ribar da ta rage kuma Naira 65,000 ce, tun kafin a cire haraji. Wanda ya nufi bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, zai kuɓuta daga riba amma zai raba ribarsa da bankin, wanda kuma ya yi amfani da kuɗinsa ya hana su wata kasuwar.

Ga kuma hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 daga cikin 100 a watan Disamba na 2024 bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kwangilar da aka sa wa hannu a kan farashi ɗaya na shekara biyu a irin wannan yanayi, sabulu da man fetur za su cinye ribarta kafin wa'adi ya cika. Saboda haka ya kamata a nemi a rubuta sharaɗin sake duba farashi idan gwamnati ta ƙara mafi ƙarancin albashi, a kuma rubuta ranar biya a fili.

Darasin wannan lissafi shi ne, ɗan kwangilar da ya karya farashi ƙasa da abin da albashi zai ci domin ya doke abokan takara, a jikin ma'aikata zai fanshe, ta hanyar rage lada ko jinkirta shi ko rage yawansu. Ma'aikatan kirki za su gudu, aiki ya lalace, jami'a ta soke kwangilar, sunan kamfanin kuma ya ɓaci a garin da kowa ya san kowa.

Hutu da Yajin Aiki

Babban haɗarin wannan kasuwa shi ne rufe makaranta. A shekarar 2020 yajin aikin ASUU ya ɗauki watanni tara, a daidai lokacin da annobar korona ta rufe makarantu. A shekarar 2022 an sake yin wani daga ranar 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, watanni takwas cur. Ma'aikacin dindindin yana da ƙungiyar da za ta bi masa haƙƙinsa bayan an dawo. Mai fotokwafi da mai abinci da ɗan acaɓa da malamin da ake biya bisa darasin da ya koyar, su kam abin da ya wuce ya wuce, ga kuɗin hayar shago yana tafiya.

Ko babu yajin aiki, mai sana'a a bakin jami'a ya lissafa cinikin watanni takwas zuwa tara ne a shekara, ya raba kuɗin haya na wata goma sha biyu a kansu. Masu dabara suna haɗa wannan sana'a da wata wadda lokacinta ya saɓa, kamar harkar hatsi a Tudun Hatsi lokacin kaka, ko su nemi ciniki a kwalejin ilmi da asibitin koyarwa, waɗanda jadawalinsu ya bambanta da na jami'a.

Ƙofar Shiga

Mai neman koyarwa yana fara magana ne da shugaban sashen da ya dace da fanninsa, amma takardar ɗauka daga ofishin magatakardan jami'a take fitowa, kuma ita kaɗai ce ofishin ma'aji zai yi biya da ita. Kamfanin da yake neman kwangila a jami'ar tarayya yana ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda a bisa tsarinta ake neman takardar rijistar kamfani, da shaidar biyan haraji ta shekaru uku, da takardun shaida daga hukumar fansho da asusun horar da ma'aikata na ITF da asusun diyya. Jami'ar jiha kuma tana bin ƙa'idojin ba da kwangila na jihar. Waɗannan takardu suna ɗaukar makonni kafin su fito, shi ya sa ake tanadinsu tun farkon shekara kafin a buga tallar tanda a jarida.

Ya kamata a yi hattara da dillalan aiki. A shekarar 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya gudanar da bincike a kan cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, inda aka ji shaidar mutanen da suka biya kuɗi masu yawa. Babu gurbin aiki na halal da ake saya, kuma alkawarin cewa aikin wucin-gadi zai rikiɗa ya zama na dindindin ba shi da wani nauyi matuƙar ba a rubuce yake ba.

Tun daga shekarar 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take lissafa duk wanda ya yi aikin lada na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, abin da ya sa adadin marasa aiki ya sauko daga kashi 33.3 na ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Wannan ma'auni ya sa mai sharar ɗakin kwanan ɗalibai da mai sa ido a jarrabawa ta kwana uku duk sun shiga sahun masu aiki, ko ladansu ya kai su ƙarshen wata ko bai kai ba. Ga ɗan kasuwar Gombe da yake son shiga wannan harka, abubuwa huɗu ne za su raba shi da asara: ya san jadawalin shekarar karatu, ya kammala takardunsa kafin a nema, ya tanadi jarin albashin wata uku, ya kuma rubuta yarjejeniya da jami'a da kowane ma'aikacin da ya ɗauka.